HOTON ZUCI A MATSAYIN HANYAR CIM MA BURI

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen rani, kafin ruwan shuka ya sauka, manomi a Kunduru ta Ƙaramar Hukumar Kankiya yakan je gonarsa ya tsaya a kan iyaka ya ƙare mata kallo. Abin da ke gabansa bai wuce busasshiyar ƙasa da kututturan karan bara ba. Amma a zuciyarsa yana ganin wani abu daban. Yana ganin inda gero zai zauna, da inda dawa za ta fi kyau, da gefen da zai ratsa wake, da kwarin da ruwa yakan kwanta idan damina ta yi nisa. Kafin ya ɗaga fartanya, ya riga ya nome gonar sau ɗaya a cikin ransa.

Wannan baiwa ta ganin abin da bai riga ya faru ba, ita ce ake kira hoton zuci a wannan babi. Galibin mutane suna amfani da ita, sun sani ko ba su sani ba. Sai dai baiwa ce mai kaifi biyu. Takan kai wani ga biyan buƙata, takan kuma zaunar da wani a inuwa yana ƙirga dammunan da bai shuka ba. Ɗalibi mai koyon malanta yana buƙatar sanin abin da ya raba waɗannan mutane biyu, domin amfanin kansa a lokacin karatu da koyarwar gwaji, da kuma domin yaran da za a damƙa masa amanarsu.

1.1 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bayyana ma'anar hoton zuci tare da bambanta shi da mafarki da saƙe-saƙe;
(b) kawo misalan yadda Hausawa suke amfani da shi a sana'o'insu;
(c) bambanta hoton sakamako da hoton hanya;
(d) jera matakai huɗu na amfani da hoton zuci wajen cim ma buri;
(e) tsara yadda zai yi aiki da shi a darasin Hausa na makarantar firamare.

2.0 Ma'anar Hoton Zuci

Hoton zuci shi ne mutum ya suranta wani abu, ko wani wuri, ko wani aiki a cikin ransa da gangan, alhali abin ba ya gaban idonsa. Ko da yake an kira shi hoto, bai tsaya ga gani kaɗai ba. Mutum yana iya jin ƙarar alli a kan allo, ko ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ko nauyin fartanya a hannu, duk a cikin zuciyarsa. Gwargwadon yawan gaɓoɓin ji da suka shiga cikin hoton, gwargwadon yadda zai yi kama da zahiri.

Yana da kyau a raba shi da abubuwa uku da suka yi kama da shi. Na farko shi ne mafarki, wanda yake zuwa cikin barci ba tare da mutum ya zaɓa ba. Na biyu shi ne saƙe-saƙe, wato zuciya ta yi ta yawo daga wannan tunani zuwa wancan babu linzami, babu kuma inda aka nufa. Na uku shi ne tuna baya, wato dawo da abin da ya riga ya wuce. Hoton zuci da ake magana a kansa a nan yana faruwa ne a farke, da niyya, kuma yana fuskantar gaba.

Mutane ba ɗaya suke ba wajen ƙarfin wannan baiwa. Tun a shekarar 1880 wani masani ɗan Ingila mai suna Francis Galton ya rarraba tambayoyi ga mutane, ya nemi kowa ya suranta teburin da ya karya kumallo a kansa, sannan ya faɗi yadda hoton ya fito. Wasu suka ce sun ga komai tar, har da launi. Wasu suka ce dishi-dishi suka gani. Wasu kuwa suka ce ba su ga komai ba. A shekarar 2015 Adam Zeman na Jami'ar Exeter da abokan aikinsa suka laƙaba wa wannan yanayi na ƙarshe sunan afantasiya. Masu irin wannan yanayi lafiyarsu ƙalau, hankalinsu kuma cikakke ne, illa dai suna tsara tunaninsu da kalmomi ko da lissafi a maimakon hoto. Sanin haka zai hana malami ya zargi yaro da taurin kai idan ya ce shi bai ga komai ba.

3.0 Hoton Zuci a Rayuwar Hausawa

Bahaushe bai jira masana halayyar ɗan'adam ba kafin ya fara aiki da hoton zuci. Sana'o'insa na gado da dama sun ginu ne a kansa. Misalai uku za su wadatar.

3.1 Manomi

An riga an ambaci manomin Kunduru. Abin lura game da shi shi ne hotonsa bai tsaya ga cikakken rumbu ba. Ya haɗa da sharar gona, da kai taki, da tanadin iri, da shuka, da noman firi, da maimai, da girbi, da ɗaurin dami. Ya kuma haɗa da abin da ka iya ɓata lissafi, kamar ruwa ya ɗauke bayan shuka, ko ƙuduji ya fito a gonar dawa. Saboda ya hango yiwuwar ɗaukewar ruwa ne yake ajiye ragowar iri, domin in ta kama a sake shuka kada ya tsaya riƙe da haɓa.

3.2 Magini

Maginin gargajiya ba ya dogara da taswirar takarda. Yakan shata harsashi a ƙasa, sauran ginin kuwa yana cikin kansa. Mai ɗaurin bakan gizo dole ne ya ga inda ƙafafun bakan za su haɗu a sama tun yana aza azarar farko a ƙasa, kuma dole ne ya bar kowane hawa ya bushe kafin ya ɗora wani. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846), da irin wannan ƙwarewa ya yi aikinsa. Haka nan Falke Barmu, maginin da ya fara gina masallacin garin Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar a shekarar 1962, wanda ginin nasa ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Hoton da ke zuciyar irin waɗannan magina jerin aiki ne, tubali bayan tubali.

3.3 Mahaddaci

A tsangaya, almajiri yakan rubuta karatunsa a allo, ya maimaita har ya zauna, ya wanke, ya sake rubuta wani. Bayan shekaru, wanda ya kai matsayin alaramma yakan zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, da wasullansa da alamominsa. Ba a kai wa nan da fatan baki. Allo bayan allo ake bi, dare da rana, har rubutun ya zauna daram a zuciya.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane uku shi ne kowannensu yana ganin ƙarshen aiki, yana kuma ganin hanyar da za ta kai shi. Hausawa sun daɗe da gane haɗarin ganin ƙarshe ba tare da hanya ba, shi ya sa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matafiyi yakan hango dutsen Dala tun yana nesa da Kano, amma in ya zauna yana murnar abin da ya hango, dare zai yi masa a daji.

4.0 Abin da Binciken Masana ya Gano

4.1 Tasirin Hoton Zuci a Kan Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1995 Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Amurka. Sun sami mutanen da ba su iya kaɗa fiyano ba, suka koya musu wani ɗan gajeren kiɗa na yatsu biyar. Rukuni ɗaya ya riƙa kaɗawa da hannu, awa biyu kullum har kwana biyar. Wani rukunin ya zauna a gaban fiyanon na tsawon wannan lokaci yana suranta kaɗawar a zuci ba tare da motsa yatsu ba. Da aka auna, sai aka tarar sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu ya sauya a rukunonin biyu. Duk da haka, masu kaɗawa da hannu sun fi iyawa a rana ta biyar. Masu yi a zuci ba su kamo su ba sai da aka ba su dama suka yi awa biyu suna kaɗawa da hannunsu.

Wannan ya yi daidai da abin da Driskell da Copper da Moran suka samu a 1994, lokacin da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa suka nazarce su. Sun nuna cewa bita a zuci tana inganta aiki, sai dai ba ta kai bita a aikace ba. Ke nan mataimakiya ce, aikin hannu shi ne uwa.

Masu wasannin motsa jiki sun daɗe suna cin moriyar wannan. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps ya ci lambar zinariya takwas. A tseren mita 200 na salon malam-buɗe-littafi, ruwa ya cika tabaransa har ya daina gani sosai. Da yake mai horar da shi, Bob Bowman, ya saba masa da bitar tsere a zuci, har da abubuwan da ka iya lalacewa, sai ya koma ƙirga bugun hannunsa, ya kai gaci, ya kuma kafa sabon tarihi na duniya. Abin da ya cece shi a ranar shi ne ya riga ya hango matsala ya tanadi amsarta.

4.2 Hoton Sakamako da Hoton Hanya

Binciken da ya fi shafar ɗalibai kai tsaye shi ne na Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjelis, wanda aka wallafa a 1999. Kwanaki biyar zuwa bakwai kafin wata jarrabawa, an raba ɗalibai rukuni-rukuni. An ce wa wasu su ɗauki 'yan mintuna kullum suna ganin kansu sun ci jarrabawar da babban maki suna murna. Wannan shi ne hoton sakamako. An ce wa wasu su riƙa ganin kansu suna karatun: yaushe, a ina, wane babi, da yadda za su kawar da abin da zai raba musu hankali. Wannan shi ne hoton hanya. Da sakamako ya fito, masu hoton hanya sun fi yawan awoyin karatu, fargabarsu ta ragu, kuma sun fi samun maki. Masu hoton sakamako kuwa ba su ƙaru da komai ba.

4.3 Illar Buri Mara Tsari

Gabriele Oettingen, 'yar Jamus mai koyarwa a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana nazarin wannan batu. A wani bincike da ta wallafa tare da Doris Mayer a 2002, an bibiyi ɗalibai masu shirin kammala jami'a. Bayan shekara biyu aka ga cewa waɗanda suka fi dulmuya cikin daddaɗan tunanin samun aiki su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu kuma ya fi ƙasa. Bayanin da aka yi shi ne idan zuciya ta ɗanɗana zaƙin nasara tun kafin a yi aiki, sai jiki ya yi sanyi kamar an riga an isa.

Wannan ya rushe da'awar wasu littattafai da suka yi tashe a Amurka da Turai, masu cewa tunani kaɗai yana jawo dukiya ko muƙami. Babu wata hujja ta ilimi da ta tabbatar da haka. Tun da can Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

5.0 Matakan Amfani da Hoton Zuci

Maganin da Oettingen ta kawo shi ne a gwama hoton buri da hoton cikas. Wani masanin, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa niyya ta fi cika idan aka ɗaure ta da takamaiman yanayi, wato mutum ya ce idan kaza ya faru, zai yi kaza. Da aka haɗa dabarun biyu sai suka ba da matakai huɗu. A wani gwaji da Angela Duckworth da abokan aikinta suka wallafa a 2011, ɗaliban sakandare da aka koya wa wannan dabara sun amsa tambayoyin bita fiye da takwarorinsu da sama da kashi 60 cikin 100. Ga matakan:

Mataki na ɗaya, tsayar da buri. Ya zama guda ɗaya, bayyananne, mai wa'adi, mai ɗan wuya amma mai yiwuwa. Cewa ana son zama gwanin malami buri ne mai faɗi da ba a iya kama shi. Cewa ana son a ƙware a ƙa'idojin raba kalma da haɗe ta kafin ƙarshen zango buri ne da ake iya aunawa.

Mataki na biyu, suranta sakamako. A sami wuri mai shiru, a natsu, a ga yadda al'amari zai kasance idan buri ya cika. Amfanin wannan mataki shi ne tayar da sha'awa, don haka minti ɗaya ko biyu ya isa. Daɗewa a nan shi ne tarkon da aka yi bayani a sama.

Mataki na uku, gano cikas. A tambayi kai mene ne ainihin abin da zai hana. An fi so a nemo cikas na cikin gida, wato halin mutum kansa, kamar kasala, ko dogon zama a majalisa, ko latsa waya har tsakar dare, ko tsoron tsayawa gaban jama'a. Ɗora laifi a kan gwamnati ko talauci yana da sauƙi, amma ba ya cikin abin da ɗalibi zai iya sauyawa a wannan mako. A suranta cikas ɗin sosai: a ina yake faruwa, da wane lokaci, tare da wa.

Mataki na huɗu, ƙulla shiri. A tsara jimla mai gaɓa biyu, a rubuta ta, a kuma bita ta a zuci. Alal misali: idan aka idar da sallar isha'i, za a kashe waya a zauna da littafin nahawu na minti 40. A ga kai ana aikata hakan daki-daki, tun daga tashi daga kan tabarma har zuwa buɗe shafi.

Wannan dabara tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Idan aka kai mataki na uku aka ga cikas ɗin ya fi ƙarfin mutum a halin da yake ciki, sai ya rage burin ko ya jinkirta shi da sanin dalili, maimakon ya ɓata shekaru yana jiran gawon shanu.

6.0 Misali: Ɗalibi a Koyarwar Gwaji

Koyarwar gwaji sharaɗi ce ga duk mai neman takardar shaidar malanta ta NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta amince a koyar da ita a Nijeriya. Ɗalibin da ya faɗi a nan ba zai karɓi shaida ba, komai kyawun makinsa na rubutu. Kwalejoji sukan shirya ɗalibai ta hanyar ƙaramar koyarwa a gaban 'yan'uwansu, dabarar da ta samo asali daga Jami'ar Stanford a 1963. Bita a zuci ƙari ce a kan wannan, kuma ba ta buƙatar aji ko kuɗi.

A ƙaddara an tura ɗalibai biyu wata makarantar firamare a Kunduru, ɗaya ɗan Kankiya, ɗaya ɗan Kusada. An ba kowannensu darasin haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a aji uku, na minti 35, kuma gobe malamin da zai duba su zai zo daga kwaleji.

Na farko ya rubuta tsarin darasinsa, ya kwanta yana ganin yara sun yi tsit, malami mai dubawa yana gyaɗa kai, an ba shi babban maki, har ya hango ranar bikin yaye ɗalibai. Barci ya kwashe shi cikin jin daɗi.

Na biyu shi ma ya rubuta tsarin darasi, sannan ya rufe ido ya bi darasin tun daga bakin ƙofa. Ya ga kansa ya shiga, ya yi sallama, ya rubuta kwanan wata. Ya ji kansa yana tambayar yara bambancin baki da baƙi. Ya ga hannunsa yana rubuta kafa da ƙafa, bari da ɓari, dara da ɗara. A nan ya lura cewa idan ya juya baya yana rubutu, na bayan aji za su fara surutu, sai ya yanke shawarar rubuta kalmomin a kwali tun da dare. Ya tuna damina ce, wasu yara sai sun leƙa gona ko sun kai dabbobi kiwo kafin su zo, sai ya ƙulla cewa idan wani ya shigo a makare, zai nuna masa wurin zama da hannu ya ci gaba da magana. Ya tuna muryarsa takan yi rawa idan babba yana kallonsa, sai ya ƙulla cewa idan ya ji haka, zai jefa wa yara tambaya ya sami damar jan numfashi. Ya sa alli biyu a aljihu. Duk wannan bai ci masa minti goma ba.

Ba a ce na biyu ba zai yi kuskure ba. Aji mai yara da yawa ba ya bin tsarin kowa ɗari bisa ɗari. Bambancin shi ne duk abin da ya taso, na biyu ya taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya a zuciyarsa, na farko kuwa yau ne ganinsa na fari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Amfani da Hoton Zuci a Darasin Hausa

Malamin Hausa ya fi kowa damar horar da yara a wannan fage, domin darasinsa cike yake da abubuwan da ke buƙatar idon zuci. Ga wasu hanyoyi:

(a) Tatsuniya da labari. Malami ya tsaya a tsakiyar labari ya nemi yara su faɗi abin da suke gani: kamannin Gizo, girman kogin, launin rigar sarki. Wannan yana ƙarfafa fahimtar karatu.

(b) Insha'i. Kafin a rubuta bayanin ranar kasuwa, a ba yara minti biyu su zaga kasuwar a zuci, daga layin 'yan hatsi zuwa kara, su saurari hayaniya, su shaƙi ƙanshin ƙosai. Yaron da ya gani kafin ya rubuta ba ya rasa abin cewa.

(c) Ƙa'idojin rubutu. Yaro ya dubi kalma, ya rufe ido ya ga surarta da ƙugiyarta, ya rubuta, sannan ya gwada da ta allo.

(d) Tarbiyyar buri. Malamai sun saba tambayar yara abin da suke so su zama. Yarinya ta ce likita, a tafa mata, a wuce. Tsayawa a nan cutar da yaro ne a cikin ruwan sanyi. Kamata ya yi malami ya ƙara tambaya: wace makaranta ce ta gaba, waɗanne darussa ake buƙata, me zai iya hana ta, me za ta yi a wannan mako? Ga yarinyar da talla ko aikin gida ke cinye mata lokaci, shiri ƙarami irin na karanta shafi ɗaya bayan sallar la'asar ya fi mata dogon kirari amfani.

8.0 Iyakokin Hoton Zuci

Wajibi ne malami ya san inda wannan dabara ta tsaya. Da farko, ba ta maye gurbin ilimi. Wanda bai san ƙa'idar ɗafi ba, ko ya kwana yana suranta kansa a gaban allo ba zai koyar da ita daidai ba. Na biyu, ba ta kawar da matsalolin da suka fi ƙarfin yaro, kamar yunwa ko rashin lafiya ko rashin littafi, don haka zalunci ne a ce wa yaron da ya gaza wai bai yi tunani mai kyau ba. Na uku, ba kowa ke ganin hoto a zuci ba, kamar yadda ya gabata. Irin waɗannan yara a bar su su faɗi matakan da baki, ko su rubuta, ko su zana. Na huɗu, hango cikas daban yake da zulumi. Mai zulumi yana juya matsala a ransa ba tare da amsa ba, mai shiri kuwa yana haɗa kowace matsala da abin da zai yi.

Daga ƙarshe, tsara gaba bai saɓa wa tawakkali ba. Sanannen abu ne a koyarwar Musulunci cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Manomin Kunduru yana ajiye iri, yana kuma roƙon ruwa.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana hoton zuci a matsayin suranta abu a rai da gangan. An nuna cewa manomi da magini da mahaddaci sun daɗe suna aiki da shi, kuma binciken masana ya tabbatar da amfaninsa tare da shata masa iyaka. Hoton sakamako kaɗai yakan kashe jiki. Hoton da ke kai mutum ga biyan buƙata shi ne wanda ya ƙunshi buri da sakamako da cikas da shiri, aka kuma bi shi da aiki. Ana sa ran ɗalibi zai fara gwada wannan a kansa tun yana kwaleji, domin abin da malami ya jarraba ya ga amfaninsa shi ne yake iya koyarwa da gaba gaɗi.

10.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mene ne hoton zuci? A bambanta shi da mafarki da saƙe-saƙe.
2. A yi sharhin karin maganar da ta ambaci hangen Dala dangane da binciken Pham da Taylor (1999).
3. A kawo sana'o'in Hausawa biyu, ban da waɗanda aka ambata, a nuna yadda masu su suke aiki da hoton zuci.
4. A jera iyakoki uku na wannan dabara tare da bayanin yadda malami zai kiyaye su.

Jinga: Kowane ɗalibi ya zaɓi buri ɗaya da ya shafi karatunsa na wannan zango, ya rubuta matakansa huɗu a shafi ɗaya, ya aiwatar na tsawon mako biyu, sannan ya kawo rahoton abin da ya yiwu da abin da ya gagara, da dalili.